Jiragen ruwa masu tafiya da iskar gas: tsafta ce, ko hayaƙin ne ido ba ya gani?

Ɗan Apapa
Assalamu alaikum 'yan gida. Tambaya gare ni ga masu ilimin inji da na muhalli. Tun da ƙaton jirgin kwantenan nan CMA CGM Scandola ya shigo tashar Lekki a Janairun 2024, aka yi ta biki ana cewa da iskar gas yake tafiya ba da baƙin mai ba, kamfanonin jiragen ruwa sai tallar irinsa suke yi, an shafa koren fenti a goshi an rubuta LNG ɓaro-ɓaro, wato iskar gas da aka mayar ruwa. Sai ga shi an turo mini bidiyon da ƙungiyar Transport & Environment ta ɗauka a tashar Rotterdam ta Holan da wata kyamara ta musamman, ta fitar da shi a 2022. Da ido babu abin da ke fita daga bututun hayaƙin jirgin, amma a cikin kyamarar wani abu sai tuƙuƙi yake. Wai iskar miten ce. To wa za mu gaskata?

Oga Bakanike
Wa alaikumus salam. Gas ɗin girki? Jirgi guda sukutum a kan tukunyar gas?

Maman Ilham
Ba shi ba ne Oga. Na girki firofen ne da buten. Wannan iskar gas ce ta ƙarƙashin ƙasa, irin wadda ake sarrafawa a tsibirin Bonny, kuma kusan dukkanta miten ce. Ana sanyaya ta har maki 162 ƙasa da sifili ta zama ruwa, girmanta ya ragu kusan sau 600, sannan ta shiga tanki. Idan ta ƙone ƙurmus, iskar kabon da take fitarwa ba ta kai ta man dizal ba da kusan kashi ɗaya cikin huɗu. Matsalar tana wajen wadda ba ta ƙone ba. A rahoton kwamitin masana yanayi na IPCC na 2021, tan ɗaya na miten da aka haƙo daga ƙasa yana ɗumama duniya kamar tan 29.8 na kabon idan aka auna shekara 100, ko kamar tan 82.5 idan shekara 20 aka auna.

Injiniyan Teku
Ɗan Apapa, duka biyun gaskiya suka faɗa, kowa dai ya ɓoye rabin zancen. Ni na yi aiki a ɗakin inji na jirgi mai baƙin mai, yanzu kuma ina kan mai gas, bari in faɗi abin da idona ya gani.

Baƙin mai kwalta ce kawai da aka sassauta. Sai an dafa shi ya wuce maki 100 kafin ya yarda ya bi ta nozul. Ɗakin tace mai kuwa wurin azaba ne, ka buɗe injin tacewa ka yi ta kankare dagwalo da hannu, ka fito ko farcenka sai ya yi kwanaki kafin ya koma fari. Idan aka busa tukunyar tururi da dare, da safe sai ka ga baƙin gari ya rufe bayan jirgi. A jirgin gas babu wannan. Ka buɗe silinda bayan dogon aiki ka tarar da kan fistan fes, man giris ma ba ya saurin baƙi. Sinadarin farar wuta kusan babu, toka kusan babu. Wannan ba ƙarya ba ce.

Amma injin gas ba iri ɗaya ba ne, kuma nan ne masu talla suke tsallakewa. Akwai wanda ake gauraya gas da iska tun kafin fistan ya matse su, da ƙaramin matsi, sannan a ɗiga ɗan dizal ya tayar da wuta. Irin na Wärtsilä masu bugu huɗu da X-DF na WinGD masu bugu biyu haka suke. Akwai kuma wanda sai fistan ya gama matse iska zalla, sannan a harba gas ciki da matsin bar 300 (bar ma'aunin matsi ne) ya kama da wuta nan take, kamar ME-GI na kamfanin MAN. Na biyun kusan ba ya zubar da komai, don gas ɗin bai samu lokacin yawo a cikin silinda ba. Na farkon shi ne mai yoyo.

Oga Bakanike
Injiniya tsaya. Ta ina yake yoyon? Gasket ne ko hos?

Injiniyan Teku
Ko ɗaya, Oga. Sabon inji dal daga kamfani ma yana yi. Ta salansa yake fita. Hanya uku ce. Ta farko, akwai 'yan lunguna tsakanin fistan da bangon silinda, sama da ringi na farko, da kuma gefen gasket. Lokacin matsi gas yana cusa kansa can, wuta kuma ba ta iya shiga wurin don ya yi ƙunci, sai fistan ya sauko gas ɗin ya fito ɗanye. Ta biyu, akwai ɗan lokacin da bawul ɗin shiga da na fita suke buɗe tare, sai wani gas ya shigo ta nan ya fice ta can. Ta uku, da gangan ake cika iska da yawa a rage gas don wutar kada ta yi zafi sosai, to irin wannan wuta mai rauni tana mutuwa idan ta kusanci bango mai sanyi.

Oga Bakanike
Af, to ai tsohuwar Vespa ce. Tana tafe tana feso ɗanyen mai ta salansa, na bayanka ya sha wari. Bambancin dai ita ana jin warinta.

Injiniyan Teku
Ka gama magana Oga. Miten ba shi da launi ba shi da wari.

Baba Fatakwal
Yara, ku bi a hankali. Na yi aikin gas har na yi ritaya, kuma na ga yadda Turawan nan suke. Jiya sun ce baƙin mai yana kashe mutane, hukumar sufurin teku ta duniya, IMO, ta sauko da farar wuta a man jirgi daga kashi 3.5 zuwa 0.5 tun 1 ga Janairun 2020. Masu jirage suka kashe maƙudan kuɗi suka koma gas. Yau kuma an ce gas ɗin ma bai yi ba. Gobe me za a ce? Wanda ya zauna Fatakwal tun ƙarshen 2016, ya ga baƙar ƙurar nan tana sauka a kan shanya da cikin hancin jarirai, ba zai raina man da ba ya toka ba. Na san ba jirage ne suka kawo ta ba, amma huhu bai san daga ina toka ta fito ba. Mutanen da ke zaune kusa da tashoshin jiragen ruwa su ma 'ya'yan wasu ne.

Kuma kashi nawa ne ma yake tserewa? Biyu? Uku? A kan kashi uku za a yi watsi da arzikin da Allah ya ba mu?

Maman Ilham
Baba, Allah ya ƙara girma. Maganar lafiyar huhu ba wanda zai ja da kai. Amma kashi ukun nan da kake rainawa, a ba ni dama in buga lissafi a gaban kowa.

Ɗauki tan 100 na gas. Ƙarfin da ke cikinsa ya yi daidai da na kusan tan 115 na dizal ɗin jirgi. Kowane tan na dizal yana ba da tan 3.2 na kabon, jimla kusan 369. Kowane tan na gas yana ba da 2.75, jimla 275. Ribar gas ke nan, kusan tan 94. Yanzu a ce tan 3 sun tsere ba su ƙone ba. Ninka 3 da 29.8, ka samu kusan 90. Riba ta tafi, an yi kunnen doki. Wannan fa a ma'aunin shekara 100 ne, mai sassauci. A ma'aunin shekara 20, tan ɗaya da ɗan ɗoriya ya isa ya cinye ribar duka. Kuma ban sa abin da ke zuba a rijiyoyi da bututu da masana'anta kafin gas ɗin ya iso jirgi ba.

Baba Fatakwal
'Yata, me ya sa za a auna da shekara 20? Ai masu neman ɓata gas suna ne suka zaɓi wannan don lambar ta yi girma. Dokokin duniya da shekara 100 suke aiki.

Maman Ilham
Haka ne Baba, da 100 suke aiki. Amma miten shekara 12 ko makamancin haka yake yi a sama ya lalace, duk ɓarnarsa a farko take. Idan ka raba ta a kan shekara 100 ka tsarma ta ne. Ita kanta IMO a 2023 ta ce tana son hayaƙin ɗumama duniya na jirage ya kai sifili wajen 2050. Daga yau zuwa 2050 ai ya fi kusa da 20 a kan 100. Zafin da zai ƙone gero a Damagaram da Gumel ba jikokin jikoki yake jira ba.

Autan Zaure
Salamu alaikum iyaye da yayye. Ni ina karatu a kan dokokin sufurin ruwa, bari in kawo lambobin da ke rubuce. A dokar Tarayyar Turai ta FuelEU Maritime, wadda ta fara aiki 1 ga Janairun 2025, an ƙiyasta wa kowane inji abin da yake zubarwa: mai ƙaramin matsi bugu huɗu kashi 3.1, mai ƙaramin matsi bugu biyu kashi 1.7, mai babban matsi kashi 0.2. Wato tsakanin na farko da na ƙarshe an ninka fiye da sau 15, kuma dukansu LNG aka rubuta musu a jiki.

Amma waɗannan ƙiyasi ne na takarda. Cibiyar binciken sufuri mai tsafta ta ICCT tare da cibiyar bincike ta TNO ta Holan da kamfanin Explicit na Denmak sun bi jirage da jirgi marar matuƙi da helikwafta suna shaƙar hayaƙinsu a teku, suka fitar da rahoto a Janairun 2024. Masu bugu huɗun nan matsakaicin abin da suka tarar kashi 6.4 ne. Ninki biyu na abin da Turai ta rubuta. Anti Maman Ilham, sa 6.4 a lissafinki.

Maman Ilham
Kusan tan 190, a kan ribar 94. Ba sai na ce komai ba.

Baba Fatakwal
ICCT ɗin nan ai ba su taɓa son gas ba. Tun 2020 suke cewa irin wannan inji ya fi dizal ɓarna da kashi 70 a ma'aunin shekara 20. Su ma masu gas suna da nasu binciken. Ƙungiyarsu ta SEA-LNG ta ba kamfanin Sphera aiki, ya ce gas yana iya rage hayaƙin ɗumama duniya har kashi 23 daga rijiya zuwa farfela. Kowa da malaminsa.

Autan Zaure
Ranka ya daɗe, kalmar "har" ɗin nan ita ce wurin dubawa. Kashi 23 ɗin na inji mafi kyau ne, mai bugu biyu. Ba su ce kowane jirgi ba. Kuma akwai awon da ba za a ce na maƙiyan gas ne ba, don kamfanin Cheniere mai sayar da gas a Amurka yana cikin waɗanda suka tallafa masa. Masu bincike ƙarƙashin Paul Balcombe na Jami'ar Queen Mary ta Landan sun hau sabon jirgin dakon gas GasLog Galveston, suka bi shi daga Corpus Christi zuwa Zeebrugge ta Beljiyam da dawowa, aka buga sakamakon a 2022. Manyan injinan da ke juya farfela kusan kashi 2 suka zubar. Janaretocin jirgin kuwa kusan kashi 8. Jimla kashi 3.8.

Injiniyan Teku
Yauwa Auta, ka taɓo inda yake mini ƙaiƙayi. Janareta. Kowa idonsa a kan babban inji, ba a kallon ƙananan da ke gefe, alhali ko jirgin da babban injinsa mai babban matsi ne, janaretocinsa yawanci masu bugu huɗun nan ne.

Kuma ga abin da ba ya cikin takardar kamfani. Ana gwada inji a masana'anta ne a kan benci, yana sabo, akasari a lodi mai kyau. A teku ba haka muke tafiyar da shi ba. Idan za mu shiga tasha, kyaftin zai bugo ƙasa ya ce a tayar da ƙarin janareta. Wutar da guda ɗaya zai iya ɗauka sai a raba wa biyu ko uku, kowanne yana tafiya a kashi 25 ko 30 na ƙarfinsa. Ina zaune a gaban allo ina kallon allurar lodi a ƙasa, na san sarai a nan ne wuta take mutuwa a cikin silinda, miten yana bin bututu. Amma ba zan ce wa kyaftin a'a ba, kuma da ni ne shi haka zan yi. Ku tuna jirgin Dali da wuta ta ɗauke masa a Baltimore a Maris 2024, ya daki gada ta rushe, mutum shida suka rasu. Shi ba ma jirgin gas ba ne, amma duk wanda ya ga wannan ba zai shiga mashigi da janareta ɗaya ba.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne, a ɗakin sarrafa injinmu akwai agogon zafi, na matsi, na girgiza, ƙararrawa ɗaruruwa. Na'urar gano gas tana ko'ina, idan ya yi yoyo a cikin ɗaki nan take inji zai koma dizal da kansa, don wannan maganar gobara ce. Amma wanda ke fita ta bututun hayaƙi babu agogonsa ko ɗaya. Ba ya tayar da gobara, ba ya tsayar da jirgi, to ba a damu a auna shi ba.

Ɗan Apapa
To Injiniya, tun da akwai injin da ba ya zubarwa, me ya hana kowa ya saye shi a huta?

Injiniyan Teku
Kuɗi da doka. Matsa gas zuwa bar 300 yana son famfo ko kwamfireso mai tsada da bututu masu kauri, mai ƙaramin matsi kuwa bar 16 ko ƙasa da haka ya ishe shi. Sannan akwai dokar hayaƙin naitirojin, mataki na uku, da ta fara aiki a gaɓar Arewacin Amurka a 2016, a Tekun Arewa da Baltik kuma a 2021. Inji mai ƙaramin matsi yana cika wannan doka a kan gas ba tare da an ƙara masa komai ba, saboda wutarsa ba ta da zafi sosai. Mai babban matsi wutarsa irin ta dizal ce, sai an ɗaura masa na'urar rage naitirojin. Ka ga abin da ya sa ya ci jarrabawar naitirojin shi ne dai ya sa yake zubar da miten. A lokacin akwai tara a kan ɗaya, babu ko sisi a kan ɗayan. Mai jirgi ɗan kasuwa ne.

Kuma manyan jiragen yawon shaƙatawa da na fito, irin AIDAnova ta 2018 ko Icon of the Seas ta 2024, tsarinsu na lantarki ne, injina masu bugu huɗu ne ke ba da wuta ga farfela da ɗakuna da kicin duka. Babban inji mai bugu biyu ba ya dacewa da gininsu.

Autan Zaure
Sakamakon ya fito a binciken IMO na huɗu, na 2020: daga 2012 zuwa 2018 miten da jiragen ruwa ke fitarwa ya ƙaru da kusan kashi 150, alhali gas ɗin da suke ƙonawa bai ƙaru da ko kusa da haka ba. Dalili, tsofaffin jiragen dakon gas da tukunyar tururi suke tafiya, tana cin mai kamar me amma tana ƙone gas ƙurmus. Da aka maye gurbinsu da injina masu fistan, cin mai ya ragu, zurarewa ta ƙaru.

Hajiya Mai Atamfa
Ni dai ina bin ku a hankali. Tambayata, mu masu sauke kaya daga waje, wannan zai ƙara mana kuɗin kwantena ko kuwa? Don ni duk abin da aka ce Turai ta sa doka, a kanmu yake ƙarewa.

Autan Zaure
Hajiya, ya danganta da hanyar kayanki. Tun Janairun 2024 Turai ta shigar da jirage masu girman tan 5,000 zuwa sama cikin kasuwar harajin kabon ɗinta, kuma daga 2026 miten ma yana cikin abin da ake biya wa. Jirgin da ya taso daga wajen Turai ya shiga, ko ya fito daga can, rabin tafiyar ake caja. Kamfanoni kuma suna ɗora wa mai kaya. Idan kayanki daga Chaina suke zuwa kai tsaye, wannan bai shafe su ba. Inda ya shafe mu sosai shi ne jiragen da ke ɗaukar gas daga Bonny zuwa Sifaniya da Fotugal da Faransa.

Baba Fatakwal
Kun ji ko? Abin da nake faɗa ke nan. Tun Oktoban 1999 kamfanin NLNG na Bonny ke fitar da gas, layi shida suna ba da tan miliyan 22 a shekara, ana gina na bakwai a kai 30. Gas ɗin da da ƙone shi za a yi a banza a Neja Delta. Yanzu su saya a wurinmu, su kuma caje mu kuɗin kai musu. Bankin Duniya ma a 2021 ya fito yana ba ƙasashe shawarar kada su tallafa wa gas a matsayin man jirgi. To da me za a tafi? Amoniya mai guba? Metanol mai tsafta da babu isasshensa a kasuwa? Maersk da ya fi kowa cika baki a kan metanol, ya ƙaddamar da Laura Maersk a 2023, a 2024 shi ma ya koma yana odar jiragen gas. Su da kuɗinsu ke ciki sun fi mu sanin abin da zai yiwu.

Maman Ilham
Baba, ni ban ce a rufe Bonny ba. Najeriya da kanta ta sa hannu a alƙawarin Glasgow na 2021, na rage miten da kashi 30 kafin 2030. Kuma ko don kuɗi a duba: duk kashi 3 ko 6 da ya bi iska, kaya ne da aka haƙo, aka sanyaya, aka biya, ba a ci moriyarsa ba. Mai sayar da gas ya fi kowa cancantar jin zafin wannan.

Oga Bakanike
Ku gafarce ni in ɗan kauce. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 muke ta juya motoci da Keke zuwa CNG. Su ma haka suke fesowa?

Admin
Oga, gajeriyar amsa kawai za a ba ka, kada mu bar teku mu koma gareji.

Injiniyan Teku
Injin mota gas da iskarsa daidai wa daida ake haɗawa, hayaƙinsa da zafi, kuma akwai indomin salansa, wato matatar hayaƙin nan mai sinadari, da ke ƙone ragowar. Idan saitin ya yi kyau kuma indomin na nan, da sauƙi. Idan kun cire kun sayar, kamar yadda kuka saba, to sai Allah.

Oga Bakanike
Ba ni ba, yaran ne 😂 To ku ma ku sa wa jirgin indomi mana.

Injiniyan Teku
Ana ta ƙoƙari. Miten taurin kai gare shi, ba ya ƙonewa a kan sinadarin indomin sai da zafi mai yawa, hayaƙin injinmu kuma ya yi sanyi saboda yawan iska, musamman bayan ya wuce tabocaja, na'urar da ke tura iska cikin inji. Ɗan farar wutar da ke cikin dizal ɗin tayarwa da man giris yana kashe sinadarin, tururin ruwa ma yana raunana shi. A Japan, Mitsui O.S.K. da Yanmar da Hitachi Zosen sun haɗu a kan wannan aiki. WinGD kuma sun fito da iCER, mai sanyaya wani ɓangare na hayaƙi ya mayar da shi cikin inji, sun ce yana rage zurarewa har rabi. Sababbin injinan Wärtsilä ma sun fi na da nesa ba kusa ba. Ban raina wannan ba. Amma jirgi shekara 25 zuwa 30 yake yi a ruwa. Waɗanda aka ƙera a 2015 da tsohon tsari suna nan har wajen 2040.

Autan Zaure
Kuma a nan dokar take da rami. Turai ta ce idan injinka ya fi lambar takarda kyau, kawo shaidar awo a rage maka. Madalla. Amma wanda injinsa ke zubar da 6 ko 8 ba a tilasta masa awo ba, sai ya yi shiru a caje shi a kan 3.1. Masu kyau za su auna, marasa kyau su fake a bayan ƙiyasi. Shi ya sa ICCT ta nemi a ɗaga lambar zuwa aƙalla kashi 6, wanda ya ga an zalunce shi ya auna ya kawo. A IMO kuwa, tsarin rage hayaƙin jirage da aka amince da shi a Afrilun 2025 an ɗage tabbatar da shi da shekara guda a Oktoban 2025, bayan matsin lambar Amurka da Saudiyya.

Baba Fatakwal
A kan awo na yarda. A auna kowa, a caji kowa abin da ya fitar. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a haɗa mai 0.2 da mai 6 a ce duk gas ne, duk sharri ne.

Maman Ilham
Mu ma abin da ba mu yarda da shi ba, Baba, shi ne a haɗa su a shafa musu koren fenti ɗaya.

Ɗan Apapa
Injiniya, kafin sababbin injina su cika teku, babu abin da ku da ke ciki za ku iya yi yanzu?

Injiniyan Teku
Akwai, kuma ba duka ke son kuɗi ba. Da mun fita fili, a kashe janaretan da ya yi yawa a bar ɗaya ya ɗauki lodi sosai. Wasu injinan suna iya hana wasu silindoji gas idan lodi ya sauka, sauran su yi aiki da ƙarfi. Idan lodin ya yi ƙasa ƙwarai, wani lokaci komawa dizal ya fi. A kula da ringi da bawul da saitin lokaci. Masu son kuɗi su ne janaretan da ke cin ƙarfi daga sandar farfela, don a kashe ƙananan injina a tsakiyar teku, da batir da zai tsaya a matsayin ajiya maimakon inji na biyu yana gurnani a banza. Sai kuma wutar tasha: jirgi ya ɗaure, a jona masa kebul daga tudu, ya kashe janareta gaba ɗaya. Turai ta wajabta wa jiragen kwantena da na fasinja wannan a manyan tashoshinta daga 2030.

Oga Bakanike
A jona wa jirgi wutar NEPA a Apapa? Injiniya, to ku bar janaretan a kunne dai.

Hajiya Mai Atamfa
Kuma su turo masa bil na ƙiyasi.